DAGA RUWAN BAGAJA ZUWA CIWON DAJI: TARIHIN MARAR LAFIYA A LITTATTAFANMU NA SOYAYYA

 

Masu jiran babi na gaba ku yi mani afuwa, wannan karon ba labari na kawo maku ba. Wata tambaya ce aka yi mani yau shekara huɗu ke nan, na kasa ba da amsa a lokacin, shi ne na koma na zazzage buhunan tsofaffin littattafaina ina bin tarihinmu mu marubuta, ko zan gano inda gizo yake saƙar.

Wadda ta yi tambayar ɗiyar wana ce, a lokacin shekarunta goma sha shida, tana kwance a gadon asibiti an yanke mata ƙafar hagu daga saman gwiwa saboda ciwon daji na ƙashi. Tun tana aji ɗaya na sakandare take satar karanta littattafaina a ƙarƙashin katifa. Ranar ina zaune ina ɓare mata lemo sai ta ce, "Gwaggo, a duk littattafanki akwai wadda aka so alhali gashin kanta ya zube?" Na ce mata babu. Ta ce, "To a na sauran marubutan fa?" Na yi shiru ina lissafi, har lemon ya ƙare ban tuno ko ɗaya ba.

MACIJIN KUSUGU

Ni haifaffiyar unguwar Kusugu ce a cikin birnin Daura, don haka labarin farko da na fara ji a duniya shi ne na rijiyar da ke bayan gidajenmu. Kowa ya san shi. Maciji mai suna Sarki ya tare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya karɓi guga ya nufi rijiya da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kan macijin. Gari ya waye, Sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki, daga ƙarshe aka ɗaura aure, aka haifi Bawo, daga nan aka sami Hausa Bakwai.

Sai da na girma na fara rubutu sannan na lura ashe kusan duk labaran da muke tsarawa a kan wannan gwadabe suke tafiya. Akwai matsala guda ɗaya mai kai ɗaya, akwai jarumin da zai zo ya sare ta sara ɗaya, sannan a yi biki. Ko da matsalar talauci ce, ko kishiya, ko auren dole, ko kuwa cuta, haka muke yi mata. Mai karatu ya saba, mu ma mun saba, ɗan kasuwar da zai sayi littafin ma abin da yake tambaya ke nan: an yi auren a ƙarshe?

MARAR LAFIYAN FARKO

A shekarar 1933 ne Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abubakar Imam a lokacin malami ne a Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu kacal.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, Ruwan Bagaja gaba ɗayansa a kan marar lafiya aka gina shi. Ɗan Sarki ne ya kwanta ciwo, aka rasa magani, aka ce sai an samo ruwan Bagaja, aka yi wa mai maganar dariya a fada, shi ne Alhaji Imam ya ɗauki sandarsa ya shiga duniya. To amma ku tuna da kyau, me muka sani game da shi yaron da ke kwance? Mun san Malam Zurƙe da duk shaƙiyancinsa, mun san garuruwan da aka ratsa, amma ba mu zauna a ɗakin jinya ko sau ɗaya mun ji abin da ke cikin zuciyar mai ciwon ba. Aikinsa a littafin ya kwanta ya jira, a kawo ruwa, ya warke. Ba laifin Imam nake gani ba, labarin yawon duniya ya yi niyyar rubutawa kuma ya rubuta wanda har gobe ba a yi kamarsa ba. Abin da nake nunawa shi ne tun daga tushe marar lafiya a adabinmu dalilin tafiyar wani ne, ba shi ne mai tafiyar ba.

ZAMANIN CIWON SO

A 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito daga wata gasar. Daga nan tattalin arzikin ƙasa ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, sannan a farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo ya game ƙasar Hausa. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, Anti Bilki Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe, masana irin su Ibrahim Malumfashi suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu.

A wannan zamanin na tashi, kuma a cikinsa na fara rubutu, don haka abin da zan faɗa da ni a ciki. Cuta ta cika littattafanmu, amma irin cutar da so ke kawowa kuma so ke warkarwa. An hana yarinya wanda take so, sai ta yanke jiki ta faɗi, a kwashe ta sai asibiti, likita ya cire gilashinsa ya ce wa Alhaji zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba za a rasa ta. Alhaji ya yi nadama, a kira saurayi, ta buɗe ido. Ni kaina na rubuta wannan fage ya fi sau biyar. Sumayya ta In Da So Da Ƙauna rijiya ta faɗa don gudun auren mai kuɗi, kuma duk wadda ta karanta a lokacin ta yi kuka, domin auren dole abu ne da muke gani a gidajenmu. Wato jikin yarinya shi ne makaminta na ƙarshe a gaban iyayen da ba su jin magana, mu kuma marubuta muka riƙe wannan makami muna ta amfani da shi.

Cuta ta biyu ita ce ta sammu da aljanu. Kishiya ta je wurin boka, amarya ta kwanta, asibiti su ce ba su ga komai ba, sai an sami malami ya karya abin. A nan ne zan faɗi laifina da bakina. A littafina na uku, wanda na buga a 2004, na sa wa wata baiwar Allah ƙari a nono, na rubuta cewa likitoci sun ce sai an yanke, mahaifiyarta ta hana domin daji ba ya son ƙarfe, daga ƙarshe aka tono layar da kishiya ta binne, ƙarin ya baje. Littafin ya yi kasuwa. Ban taɓa tunanin ko akwai wadda ta karanta shi da ƙari a jikinta ba.

Cuta ta uku ƙanjamau ce, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986. Ita kuma mafi yawanmu bulala muka mai da ita, mu ɗora wa mazinaci ko karuwa a babin ƙarshe don mai karatu ya ɗauki darasi. 'Yartsana na Ibrahim Sheme da ya fito a 2003 yana cikin ƙalilan da suka tsaya suka bi rayuwar irin wannan mace tun daga farko, suka nuna yadda aka yi ta kai inda ta kai. Sai kuma sikila, wadda ta shigo daga baya da wayewar kai a kan gwajin jini kafin aure, amma ita ma yawanci katanga ce da ke raba masoya biyu masu lafiya.

Bayan haka aka shiga shekarar 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hannun A Daidaita Sahu ta ƙone littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata a Kano, Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Abubakar Rabo kuma ta juyo kan marubuta a 2008. Kowa ya shiga taitayinsa yana kare kansa daga zargin ɓata tarbiyya. Ba lokacin da mutum zai ce zai gwada sabon abu ba ne. Da kasuwar takarda ta mutu rubutu ya koma waya, an sami 'yanci da yawa, an kuma sami sabbin jigogi, amma har yanzu jarumar da ake yayi ita ce fara doguwa mai gashi har gadon baya.

YADDA WASU SUKA YI

A can waje abin ya daɗe. A 1970 wani malamin jami'a Ba'amurke mai suna Erich Segal ya fitar da Love Story, labarin ɗalibai biyu da suka yi aure ba da son mahaifin mijin ba, matar ta kamu da cutar jini ta rasu tana da shekara ashirin da biyar. Indiyawa, waɗanda mu Hausawa muka fi sani, sun yi Anand a 1971, inda Rajesh Khanna ya fito a mai ciwon daji Amitabh Bachchan kuma likitansa, sannan a 1978 suka yi Ankhiyon Ke Jharokhon Se, inda Sachin da Ranjeeta suka fito a 'yan kwaleji masu son juna, yarinyar tana ɗauke da sankarar jini. Abin mamaki, mun kwaso rawa da waƙa da soyayyar mutum uku daga Indiya, amma wannan jigon mun bar masu kayansu.

A Amurka Lurlene McDaniel ta fitar da Six Months to Live a 1985, ta kuma shafe shekaru tana rubuta wa matasa labaran yara masu jinya. Nicholas Sparks ya yi A Walk to Remember a 1999. Wanda ya fi su tashe shi ne The Fault in Our Stars na John Green a 2012. Shi wannan marubuci ya taɓa aiki a asibitin yara yana lallashin marasa lafiya da iyayensu, kuma ya sadaukar da littafin ga Esther Earl, wata yarinya da ya sani wadda ciwon daji ya yi ajalinta a 2010 tana da shekara goma sha shida. A labarin, yarinyar tana yawo da tukunyar iskar numfashi, saurayin kuma an yanke masa ƙafa, kuma ita ce mai ba da labarin da bakinta. An mai da shi fim a 2014, Indiyawa suka sake yin nasu mai suna Dil Bechara a 2020, wanda ya fito makonni kaɗan bayan mutuwar jaruminsa Sushant Singh Rajput. Wannan na Indiyan ne ɗiyar tawa ta kalla a waya tana kwance, shi ya jawo tambayar da ta yi mani.

Su ma ba su tsira daga suka ba. An zarge su da cin kasuwa da hawayen mutane, da ƙawata mutuwar yara, da ɓoye amai da wari da bashin da jinya ke jawowa. Akwai gaskiya a zargin. Amma ko ba komai sun yarda cewa mai ciwon daji mutum ne mai kishi da fushi da barkwanci, wanda zai iya so a kuma so shi.

ME YA SA SU SUKA IYA?

Da na bi tarihin likitanci sai na ga ashe adabin yana bin bayan magani ne. Kafin 1948 yaron da ya kamu da sankarar jini watanni kaɗan yake yi. A wannan shekarar Sidney Farber na birnin Boston ya ba da rahoton maganin farko da ya sa cutar ta lafa na ɗan lokaci. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wani daji da ke kumbura muƙamuƙi da cikin yaran Afirka, musamman a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, wanda har yau da sunansa ake kiran cutar. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru yana cikin waɗanda suka nuna cewa wannan daji yana jin magani, kuma shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. Ke nan a ƙasarmu aka yi wani ɓangare na aikin da ya tabbatar wa duniya dajin yara yana warkewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara yara da matasa kimanin 400,000 ne 'yan ƙasa da shekara ashirin ke kamuwa da daji. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 kafin 2030. To kun ga bambancin. Inda yaro zai yi shekaru yana rayuwa da cutar, yana zuwa makaranta yana dawowa asibiti, dole a sami labarin soyayyarsa. Inda kuma ba a kai shi asibiti sai ya zama saura ƙiris, babu abin rubutawa sai ta'aziyya.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Ɗiyar wana ta fara da ciwon gwiwa ne, aka ce targaɗe ta yi a filin makaranta. Aka kai ta wurin maɗori ya ja ya ɗaure. Kumburi ya ƙaru, aka ce sanyi ne, aka koma jiƙe-jiƙe. Wata tsohuwa ta duba ta ce daji ne, kada a kuskura a bari allura ta taɓa shi. Ni da hannuna na je Kusugu na ɗebo ruwa a jarka ana shafa mata, kamar yadda baƙi daga ko'ina suke zuwa su ɗiba don neman tabarruki. Wata biyar muka yi a haka. Ranar da wana ya ce a tafi asibiti, matarsa ta kalle ni ta ce, "Yaya, ba ke kika rubuta wadda aka hana yanka ta warke ba?" Wallahi ban taɓa jin kunyar alƙalamina irin ta wannan rana ba.

Muka bi ta Kazaure muka wuce Kano, daga nan aka tura mu gaba. Likitan da ya duba hoton ƙafar bai yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, tun yaushe? Aka yi ƙarin ruwan magani zagaye-zagaye, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, aka yi aikin, aka sake komawa kan maganin. Wana ya sayar da gonarsa ta gado da shanu biyu. A wancan lokacin mai neman injin gashin daji daga ƙasar Katsina sai ya dangana da Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A watan Yulin 2025 ne aka buɗe cibiyar kula da masu daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, muna fata ta rage wa na bayanmu wannan wahala.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da yake zuwa wurinta zance tun kafin ciwon, yana koyon gyaran waya a kasuwa. Da aka dawo da ita gida kowa ya ɗauka shi ke nan. Sai ga shi bayan la'asar ya yi sallama a zaure kamar yadda ya saba. Ta ce a ce masa ba ta nan. Ya dawo washegari, ya sake dawowa, sai a rana ta tara ta ɗaura ɗankwali ta dogara sandunanta ta fita. Ban san abin da suka ce wa juna ba, na dai jiyo tana yi masa tsiya a kan wata tsohuwar waya da ya kasa gyarawa. Mahaifiyarsa ta aiko cewa ita ba ta ƙi yarinyar ba, amma tana tsoron abin yana bin jini, kuma wa zai yi mata aikin gida? Har yau maganar tana nan ba a yanke ba. Ita dai yarinyar tana raye, gashinta ya fito, tana zuwa a duba ta lokaci-lokaci, kuma ta rubuta jarrabawar da ta wuce ta.

KAMMALAWA

Ba ina cewa mu kwaikwayi Turawa ko Indiyawa ba ne. Yaransu suna haɗuwa a taron masu jinya su hau jirgi su tafi Amsterdam, namu kuwa a zaure suke haɗuwa, da ƙanwa zaune a gefe, da uwar miji da dangi da maganar sadaki. Wannan labarin babu wanda zai rubuta mana shi. Kuma ina kira ga 'yan uwana marubuta, mu ji tsoron Allah a kan abin da muke sa wa a bakin likita da na boka a littattafanmu, domin akwai gidajen da littafinmu ne kaɗai abin karantawa da ke shiga cikinsu bayan Alƙur'ani. Addu'a wajibi ce, neman magani ma umarni ne. Kumburin da ya ƙi sauka, ko ciwon ƙashi da ke hana yaro barci, ko zazzaɓi da rama da ɗashewar da ba a san dalilinsu ba, asibiti ake kai su tun da wuri.

Na fara rubuta littafin. Da na gaya mata sai ta kafa mani sharaɗi biyu. Ta ce, "Gwaggo, kada ki kashe ta don mutane su yi kuka, kuma kada ƙafar ta dawo." Na ce to auren fa, a yi ko kada a yi? Ta ce in dakata tukuna, ita ma ba ta sani ba.

A nan zan dasa aya. Wanda ya san wani littafin Hausa da ya riga ni taɓa wannan jigo, don Allah ya sanar da ni in nema in karanta, in kuma kai mata. Kurakuran da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun haɗu a babi na gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam.